Ƙanena na Purdue, jirgi ɗaya ya kwaso mu

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kun san ban cika dogon rubutu a nan ba, amma tambayar ƙanenmu ta hana ni wucewa. Ya ce shekara uku ke nan yana bin ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar Purdue a Amurka, duk Maris lokacin gasar kofin jami'o'i sai sun kwantar da shi, barci ya ƙaurace masa, mai ɗakinsa ta fara ƙorafi, abokan aiki kuma dariya suke masa. Yana tambaya ko ya haƙura da abin gaba ɗaya, ko ya koma wata makarantar da ta saba ɗaukar kofi.

Ƙanena, da farko ka yafe mini, domin ni ɗan ƙungiyar jami'ar Houston ne, mu muka yi maka aika-aikar 2025. Daren 28 ga Maris ina zaune a falo da kwanon sahur a gabana lokacin da ɗan wasanmu Uzan ya miƙa wa Tugler ƙwallo daga layi, Braden Smith naku ya bar shi ya bi Cryer namu, Tugler ya mayar masa, ya ɗora ta a kwando saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya. 62 da 60, kuma a Indianapolis, kusan a tsakar gidanku. Na yi ihun da ya tashi yarana. Ban tuna da kai ba a lokacin, gaskiya ce. Na manta da abin da manya suka ce game da gemun ɗan'uwa idan ya kama wuta. Kwana goma kacal aka ba ni.

Ni na shiga wannan wahala ne a 2017, lokacin da na je karatun digiri na biyu a Houston. A shekarar ana gyaran filinmu, sai a filin Texas Southern ake buga wasannin gida. Wani ɗan ajinmu ne ya ja ni, ni kuwa ban san komai ba sai sunan Hakeem Olajuwon, tsohon ɗan wasan Houston da kowane ɗan Najeriya ya sani. Kafin Maris na riga na kamu. Sai ga Michigan a zagaye na biyu, muna gaba da maki biyu, muka zubar da jifan kyauta guda biyu, wani yaro Jordan Poole ya saki ƙwallo daga nesa ƙararrawa na kaɗawa, 64 da 63. Wani tsoho da muke kallo tare ya dafa kafaɗata ya ce ai ban ga komai ba tunda ban ga 1983 ba. Ashe gadon gidan ne. Lorenzo Charles ya zura ta a daƙiƙar ƙarshe NC State ta ɗauke kofi 54 da 52, har aka ba Olajuwon gwarzon gasa alhali ƙungiyarsa ta sha kashi. Shekara ta zagayo Georgetown ta sake hana su. To ka ga a faɗuwa a wasan ƙarshe ku kuna da 1969 da 2024, mu muna da 1983 da 1984, yanzu ga 2025. Babu mai kofi ko ɗaya a cikinmu.

Shi ya sa na ce na gane ciwonka. Wanda yake bin masu kofi biyar ko shida ba zai gane ba.

Bari in ba ka labarin daren wasan ƙarshe da Florida, don har yau ban ba kowa shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Kwana biyu kafinsa mun yi abin da ni kaina na riga na fid da rai. Duke suna gaba da maki 14 saura minti takwas da 'yan kai, har na miƙe zan kashe talabijin. Saura rabin minti da kaɗan suna gaba da shida. Sharp ya jefa ta maki uku, muka ƙwace ƙwallo, Tugler ya danna, Roberts ya tsaya a layi ya zura biyu hannunsa ko rawa bai yi ba, Cooper Flagg na Duke ya jefa ta ƙarshe ta ƙi shiga. 70 da 67. Daga wannan asubar na sa wa raina cewa bana rabonmu ne. Kuskurena ke nan. Har na sayi kaji biyu na ce a ajiye.

Wasan ƙarshe ya kama ƙarfe biyu saura na daren Litinin wayewar Talata a agogonmu. Na cika batir tun yamma, na zuba mai a janareto don kada masu wuta su yi halinsu, na sa jar rigata da ta koɗe, ga fulas ɗin shayi. Sai ga taubashina, ɗan kawuna, wanda ya zo yawon sallah ya ƙi komawa. Mutumin ƙwallon ƙafar Turai ne, bai san adadin 'yan wasan da ke cikin fili ba ma. Ya ce zai taya ni hira. Da na san abin da zai biyo baya da na ba shi kuɗin mota tun la'asar.

An tafi hutun rabin lokaci muna da 31 suna da 28, Walter Clayton na Florida ko maki ɗaya bai ci ba. Aka dawo muka kai 42 da 30. Maki goma sha biyu, ƙanena, ga ƙungiyar da duk ƙasar ta san tsaronta kamar ƙofar kurkuku. Na fara tunanin abin da zan rubuta a zauren nan. Na tuna kocinmu Kelvin Sampson yana da nasara 799, wannan ce za ta cika 800, dattijo mai shekara 69 da ya karɓi ƙungiyar a 2014 lokacin da kujerun filin suka fi 'yan kallo yawa. Shi kuwa taubashin nawa yana gefe yana cin dambun namana, yana tambaya wai me ya sa suke ta tsayar da agogo.

Sai abin ya fara zubewa kaɗan-kaɗan kamar buhun da ɓera ya huda. Florida ba ta yi jagoranci a wasan nan ba sai na kusan minti ɗaya in an haɗa duka, amma shi ne mintin da ake bukata. Saura daƙiƙa 46 suka wuce da jifan kyauta. Muka zubar da ƙwallo. Suka ƙara ɗaya, 65 da 63, saura ƙasa da daƙiƙa ashirin, ƙwallo a hannunmu. Abin da yake cina har gobe shi ne ba mu ko jefa ba. Da an jefa ta daki ƙarfe ta fito, da na ce ƙaddara. Sharp ya tashi sama zai saki, Clayton ya taso masa, ya rasa yadda zai yi ya sake ta ƙasa, kuma in ya sake taɓa ta laifi ne. Ƙwallo tana ta tsalle ita kaɗai a tsakar fili, yana tsaye a kanta yana kallo, agogo na tafiya, har Condon na Florida ya faɗa mata. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Na kalli wannan daƙiƙoƙin ya fi sau hamsin, kullum sai in ga kamar wannan karon wani namu zai riga shi isa.

Ban san lokacin da na sauko daga kujera ba. Na durƙusa a kan darduma, hannu biyu a ka, kuma ba zan ɓoye muku ba, hawaye ya zo. Ashe bawan Allahn nan ya ɗaga waya yana ɗaukata. Kafin a kira assalatu ya tura a zauren danginmu na WhatsApp, ya rubuta a ƙasa wai a zo a yi wa injiniya ta'aziyya. Ƙarfe bakwai gwaggona ta kira muryarta na rawa tana tambaya wa ya rasu. Da na yi mata bayani sai ta yi shiru, can ta ce, "Yanzu ƙwallon 'yan makaranta ne ya sa ka kuka, da gemunka?" Ƙannena mata suka mai da hoton sitika. Har yau in wani ya ce tuwo ya ƙare a gidan biki sai a turo ni durƙushe. Na kai ƙara wurin Hajiya, ta ce wasan taubasai ne, ba a fushi da shi. To na ji, ba a fushi. Amma akwai wasa akwai cin fuska. Mutum ya ci namanka, ya sha shayinka, ya kwana a ɗakinka, sannan ya jira lokacin da ka fi kowane lokaci rauni ya mai da kai abin dariya. Kuma da safe ya tambaye ni wai kajin nan fa, tunda an riga an saya. An soya, ya ci cinya biyu. Ni ko loma ban iya kaiwa ba.

Don haka abu na farko da zan gaya maka, kada ka ƙara kallon wasan sili-ɗaya-ƙwale da wanda ba ya son ƙungiyarka. Ko kai kaɗai, ko da wanda zai yi shiru tare da kai. Abokan aikin nan naka ma, wa ya gaya musu kana bin Purdue? Kai ne. Ranar da Fairleigh Dickinson ta fitar da ku a 2023 na tabbata da bakinka ka kai musu labari. Ka daina. Ka kawo kukanka nan, mu mun san darajarsa.

Batun canza makaranta kuwa, ka gwada in za ka iya. Ni na gwada. Bayan Miami ta yi mana 89 da 75 a 2023, shekarar da za a buga wasan ƙarshe a cikin garin Houston, na rantse na bar su. Na ce zan riƙa kallo ne kawai don sha'awa, duk wanda ya ci nawa ne. Kallon ya zama kamar shayi ba sukari. Nuwamba na yi na tsinci kaina ina duba jadawali da ƙarfe ɗaya na dare. Shekarar da ta biyo Jamal Shead ya gurɗe a ƙafa tun rabin farko muka faɗi a hannun Duke 54 da 51, na sake rantsuwa, na sake yin kaffara. Kuma ka koma wa? Yanzu da yara ke sauya makaranta duk bazara, ƙungiyar da ka gudu wurinta bana ba ita za ka tarar baɗi ba. Cryer ɗin da na yi wa kuka, a Baylor yake lokacin da suka lallasa mu 78 da 59 a 2021. Ku ma ku gode wa Allah, kocinku Painter yana riƙe yaransa su girma a hannunsa, kun more ɗan wasanku Edey shekara huɗu cur. Mutane da yawa ba su da wannan.

Abin da ya ɗan sassauta mini shi ne da na zauna na tuna kakar tun daga farkonta. Mun fara da ci huɗu, faɗuwa uku. Auburn ta doke mu, Alabama da San Diego State suka doke mu a Las Vegas, dukansu biyun a ƙarin lokaci, har wasu a nan suka ce tsoho Sampson ya gaji. Daga nan sau ɗaya tak muka sake faɗuwa kafin daren can, shi ma da maki ɗaya a hannun Texas Tech. Mun ci wasa 19 cikin 20 a Big 12, rukunin da muke bugawa. Mun je Allen Fieldhouse, filin Kansas, a Janairu mun ci Kansas 92 da 86 bayan ƙarin lokaci biyu, wasan da sau biyu ina cewa ya ƙare. Ranar sallah na dawo daga idi da yamma na kalli yadda muka shaƙe Tennessee 69 da 50 da babbar rigata a jiki. Wata biyar na jin daɗi, na bari daƙiƙa ashirin ta cinye su. Makaranta 68 suka shiga gasar nan a 2025, 67 da kuka suka fita. Kai ma ka koma ka kalli wasanninku na Janairu da Fabrairu a filinku na Mackey, ba na Maris ba.

Maganar mai ɗakinka ita ce ta fi muhimmanci, kuma a nan ba na bayanka. Tana da gaskiya. Ni sai da tawa ta kwashe filo ta koma ɗakin yara na mako guda kafin na yi hankali. Yanzu mun yi yarjejeniya: wasannin tsakiyar mako ba na tashi, sai in kashe sanarwar waya, in fita daga zauren nan, in kalli maimaici bayan asuba kafin in tafi aiki. Na Asabar da ake bugawa da rana a can, ku da kuke da tazarar awa shida lokacin sanyi, yana faɗo muku daidai magariba zuwa isha, wannan ba wanda zai hana ka. Maris kaɗai nake neman alfarma, kuma tun Fabrairu nake fara biyan kuɗinta da atamfa. A 2025 da abin ya haɗu da goman ƙarshe na azumi na ji kunyar kaina ƙwarai, mutane na tahajjud ni ina lissafin laifukan Tugler. Wannan ma ka duba shi tsakaninka da Allah, ni ba malami ba ne.

Kuma don Allah ka bar zagin Braden Smith a kan wasan nan, na ga abin da ka rubuta ranar. Yaro ne ɗan makaranta. Ni ma na rubuta wa Sharp maganganu a daren can, Allah ya taimake ni ban tura ba. Da na ga hotonsa tsugune hannu a ka, sai na ga ashe zaman da na yi a falona ne, bambancin kawai shi duniya ce ta ɗauke shi, ni taubashina.

Wanda har yanzu bai goge bidiyon ba, na tambaye shi jiya. Wai yana ajiye da shi sai ranar auren 'yata.

In kana kusa da Kaduna ka yi mini magana ta akwati idan Nuwamba ta zo. Akwai batir, akwai shayi, kuma waya a bakin ƙofa ake ajiye ta.