Me zan kalla a gidan zane-zanen waɗanda suka koya wa kansu zane?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciya ce a nan Kano, zan halarci wani taro a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, kuma an shirya mana ziyarar gidan da ake adana zane-zanen mutanen da ba su yi makarantar zane ba. Na ga wasu a intanet, sai suka yi mini kama da aikin yara. Shin ziyarar ta cancanci lokacina, kuma me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ina ba ki shawarar ki je, domin gidan da kike magana a kansa, wanda aka kafa a 1952 da sunan ɗakin zanen manoma, yana cikin mafi daɗewa a irinsa a duniya. Kamannin aikin yara da kika gani ya samo asali ne daga rashin bin ƙa'idar nesa da kusa, wadda ake koyarwa a makaranta, inda abin da ya yi nisa yake ƙanƙancewa. Wanda ya koya wa kansa zane yakan girmama abu gwargwadon matsayinsa a zuciyarsa, shi ya sa za ki ga zakara ya kusa kai girman ɗaki, ko saniya ta fi mai ita cika ido. Saboda haka, tambayar da za ki riƙa yi a gaban kowane zane ita ce: me wannan mutumin ya girmama, kuma me ya zauna ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya?

Da yawa daga abin da za ki tarar aikin manoman ƙauyen Hlebine na arewacin Kuroshiya ne da maƙwabtansa, waɗanda wani ƙwararren mai zane, Krsto Hegedušić, ya fara ƙarfafa wa gwiwa a wajajen 1930. Fitacce a cikinsu shi ne Ivan Generalić, wanda aka haifa a 1914, ya rasu a 1992. A nan nake so ki daɗe a tsaye, domin da yawan ayyukansu a bayan gilashi aka yi su, kuma wannan yana tilasta wa mai zane ya yi komai a juye. Ƙwayar ido da siraran rassan bishiya su yake fara sawa, sannan ya bi da fuska da tufafi, sararin sama ya zo a ƙarshe ya rufe komai. Idan ya yi kuskure a farko, gyara yana da wuya ƙwarai, tunda fentin baya ya riga ya binne shi. Ki matsa kusa, ki dubi yadda busassun rassa suke kwance a kan farin ƙanƙara, kowane da nasa layi, za ki tabbatar cewa babu yaron da yake da wannan haƙurin.

Idan kin ji ana ambaton Henri Rousseau, Bafaranshe ne da ya rasu a 1910, mai karɓar harajin kayan da ake shigarwa birnin Paris, wanda shi ma ya koya wa kansa zane. Bai taɓa barin Faransa ba, amma ya zana dazuzzuka da damisoshi daga abin da ya gani a lambun tsirrai na birnin.

Kada ki haɗa wannan fanni da zayyanar allo ko adon bango irin na Gidan Makama, domin waɗannan sana'o'i ne masu ƙa'ida da ake koya a hannun malami ko sarkin magina. Dangin zanen Hlebine a wurinmu su ne allunan shagunan aski da zakunan da ake zanawa a bayan manyan motoci. Kafin ki tashi, ki leƙa kasuwar Dawanau, ki tsaya a bayan motar hatsi guda ɗaya, ki duba yadda aka jera gashin wuyan zakin. Sannan ki sa masu shirya taron su tabbatar gidan yana buɗe a ranar, domin girgizar ƙasar da aka yi a watan Maris na 2020 ta sa an rufe gine-gine da dama a tsohon garin Zagreb don gyara.