Me zai hana gwamnati ta buga kuɗi ta raba wa talakawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar gwari ne a Mile 12, na daɗe a Legas, a nan na yi aure na hayayyafa. Tun da aka cire tallafin mai jarina ke narkewa. Da ni kaɗai nake sauke mota guda ta tumatir, yanzu sai mun haɗa hannu mu uku. An ce kuɗin tallafin za a yi wa talaka aiki da su, kullum muna jin tiriliyoyi a rediyo, amma ba mu gani a ƙasa ba. Ina suka shiga? Sannan a majalisarmu akwai wanda ke cewa tunda Babban Banki yana da injin buga kuɗi, mugunta ce kawai ta hana a buga a raba wa kowa ya ja jari. Wallahi har na fara yarda da shi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya sa albarka a abin da ya rage.

Tambayarka ta farko ba ta da wuyar amsawa, sai dai amsar ba daɗi. A 2022 tallafin mai ya ci kimanin naira tiriliyan 4.4, kuma ba a wani asusu kuɗin suke ajiye ba. Kamfanin NNPC ne ke zare su tun daga tushe, har ya yi watanni bai zuba ko kwabo a asusun tarayya ba, gwamnati kuma tana cike giɓin da bashi. Saboda haka da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi ranar 29 ga Mayu, 2023, rami aka daina zurfafawa, ba tulun zinariya aka tono ba. Gaskiya ne rabon wata-wata ya ƙaru, a 2024 ya riƙa haura tiriliyan 1 a kowane wata, kuma kaso mai tsoka yana tafiya hannun gwamnoni da ƙananan hukumomi. Amma naira ta faɗi a daidai lokacin. Kasafin 2023 naira tiriliyan 21.83 ne, a lissafin dala ɗaya naira 435, wato kusan dala biliyan 50. Na 2025 tiriliyan 54.99 ne, a lissafin naira 1,500, bai kai dala biliyan 37 ba. Daga ciki kuma sama da tiriliyan 14 na biyan bashi ne. Kai ɗan kasuwa ne, ka san cinikin da lambarsa ta kumbura amma kayan da yake saya suka ragu.

Zancen mutumin majalisarku shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin ba ranar Allah da ba na jin irinsa. Na ji shi a Agege, na ji shi a Idi-Araba, na ji shi a bakin masu digiri, ga kuma samari a TikTok da saƙon murya na WhatsApp suna yaɗa shi kamar wani sirri suka gano.

Mu tsaya a rumfarka. A ce yau motoci goma na tumatir suka shigo Mile 12 daga Kano da Zariya. Da asuba aka wayi gari kowane mai saye an ninka masa kuɗin aljihunsa. Mota ta goma sha ɗaya za ta faɗo daga sama ne? Kwandunan nan dai su ne. Mai abinci daga Ketu ta zo da kuɗi, mai otal daga Ikeja ya zo da kuɗi, kowa yana jan kwando ɗaya, dillali ya duba fuskokinsu ya ƙara farashi, kuma kai ma da kake karanta wannan haka za ka yi. Kafin azahar ƙarin ya narke. Takardar naira ba ta noma, ba ta tuƙa mota, ba ta gyara gada. Shaida ce kawai ta haƙƙin da kake da shi a cikin kayan da ke ƙasa, in aka yawaita shaidar ba a yawaita kayan ba, kowace takarda sai ta rage nauyi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu wannan magana suna yi kamar ba a taɓa gwadawa ba. An gwada, a ƙasar nan, kwanan nan. Dokar Babban Banki ta 2007 ta yarda ya ranta wa gwamnatin tarayya ɗan abin toshe kafa, wanda ake kira Ways and Means, kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. Aka yi fatali da wannan iyaka shekara da shekaru, har bashin ya kai naira tiriliyan 22.7, wanda a Mayun 2023 majalisar tarayya ta amince a mayar da shi bashin dogon zango. Wannan shi ne buga kuɗin da abokinka yake roƙo, illa dai ba takarda aka buga ba, lambobi aka rubuta a kwamfuta. Kai nawa ka samu a ciki? Amma ka biya kasonka cif, a wurin mai shinkafa da mai gidan haya. Ba shi kaɗai ya jawo tsadar ba, cire tallafi da faɗuwar naira da rashin tsaro a gonaki duk sun taka rawa, amma shi ne busasshen itacen da aka jibge kafin wutar ta kama. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40, a Disamba kuma ta gaba ɗaya ta kai 34.8.

Tambayi dattawan Agege labarin Udoji. Zamanin Gowon aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin da ake kira Udoji, aka haɗa musu da ariyas a dunƙule, kasuwa ta ji ƙanshi, a 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30. Ma'aikaci aƙalla ya riƙe wani abu a hannu. Manomi da ɗan dako da ba su cikin lissafin, tsadar kawai suka gada. Zimbabuwe kuwa ta bi hanyar har ƙarshenta, a 2009 ta fitar da takarda guda mai darajar tiriliyan 100, daga baya ta jingine kuɗinta ta koma ciniki da dalar Amurka.

Ka lura da wanda wannan wuta ke ci. Mai gida a Lekki, gidansa tashi yake yi da farashi. Mai dala a ajiye dariya yake. Wanda ya ci bashin banki mai yawa sauƙi ya samu. Wanda ke ƙonewa shi ne mai gadin da albashinsa bai motsa ba, da bazawarar da ke zubin adashi, da ɗan acaɓar da ke tara na aure a gwangwani, da irinka mai juya jarinsa a tsabar kuɗi. Haraji ne da ba majalisar da ta zauna a kansa, kuma talaka ya fi kowa biya. Shi ya sa ba na iya haƙuri da wanda zai zauna a benci ya sayar wa mutane wannan dafi da sunan kishin talaka. Daga nan ne kuma 'yan damfara ke shigowa: wanda ya yarda akwai kuɗin banza da za a raba, shi ne gobe zai sayi fom ɗin bogi, ya miƙa lambar BVN ɗinsa ga wanda bai sani ba, a kwashe ɗan abin da ke asusunsa.

Ba cewa nake kada a ba talaka kuɗi a hannu ba. Barazil ta fara shirin Bolsa Família a 2003, ana biyan iyalai, akasari ta hannun uwa, da sharaɗin yara su je makaranta a kuma yi musu rigakafi, kuma ya rage talauci. Amma daga haraji ake biya, da rajista mai tsafta. Matsalarmu ita ce rajistar, da kuma mayar da tallafi buhun shinkafa mai hoton ɗan siyasa.

Kashe kuɗin da ke fitar da mutum daga talauci shi ne wanda ke kawo waccan mota ta goma sha ɗaya. Kai ka fi ni sanin yadda tumatir ke isowa in mota ta ƙara kwana a hanya saboda ramuka da shingaye: ka ɗaga ganyen saman kwando ka ga ja fes, ka zura hannu ƙasa ka ji ya zama ruwa, ƙuda na bi. Wannan asarar a kan mai saye take ƙarewa. Hanya mai kyau, ruwan noman rani a Kadawa, ɗakin sanyi a kasuwa, tsaron da zai bar manomin Zamfara ya je gonarsa, su ne ke sauke farashi na dindindin. Haka jirgin ƙasan da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo, da motocin BRT da suka fara daga Mile 12 zuwa CMS tun 2008: duk nairar da suka rage wa leburan da ke zuwa aiki, ta koma tukunyar gidansa. Ga asibitin sha-ka-tafi. A Abuja ne a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 na kasafi, mu da muka karɓi baƙuncin taron har yau muna lilo a wajen kashi 5. Ga kuɗin ilimin bai-ɗaya da ke zaune a hukumar UBEC, jihohi da dama sun bar nasu ya yi ta taruwa don sun ƙi kawo nasu kason, alhali yara na gararamba a titi. Wannan shi ne abin fushi, ba injin buga kuɗi ba.

Sannan Alhaji, ku daina ɗaukar kanku baƙi a kan maganar kuɗin gwamnati. Kuna yankar tikiti kullum, kuna biyan kuɗin rumfa da na sauke kaya, kuna biyan harajin VAT a katin waya. Abin da ake kashewa guminku ne, amana ce a wuyan wanda ya karɓa, kuma wanda ya yi shiru a kan haƙƙinsa ya taimaki mai cinye shi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu wata-wata. Ku sa ɗaya daga cikin yaranku masu boko ya zaro muku na Kosofe, ƙaramar hukumar da Mile 12 take ciki, na shekara guda. Ku kai wa shugabannin kasuwa da Sarkin Hausawa, ku rubuta takarda da sunan ƙungiya, ku tambayi nawa aka ware wa magudanar ruwa da kwashe shara da hanyar da ke shiga kasuwa, nawa kuma aka saki. Ku tafi da mutumin majalisar taku, shi ya riƙe takardar.