Amsa ga Alhajin da saƙonni ke ɓacewa a refondarsa

Alhaji, ina karanta tambayarka gabana na faɗuwa. Ka ce abokan ciniki na rantsuwa sun bar maka saƙon murya a lambar magazanka, in ka shiga refondar, wato akwatin saƙon murya, babu komai. Nawa ma haka ya fara, ni ko ina ta ɗora wa rezo laifi.

Kakar albasa ce, mun yi wa mota lodi a Galmi za ta Kumasi. Na dawo Tahoua a gajiye, na kashe waya na sa caji. Da asuba na buɗe WhatsApp, sai ya ce in sa lambata kamar baƙo. Ashe cikin dare wani ya sa lambar a wayarsa, ya nemi WhatsApp ya faɗi kod ɗin shiga ta kira. Tunda wayata a kashe take, kiran ya faɗa refondar, aka karanto lambobi 6 ɗin can. Shi kuma ya shiga akwatin daga wata waya da 0000, lambar sirrin da ban taɓa canjawa ba, ya saurara, ya goge.

Abin da har yau ke ci mini rai, wani dattijo da muka fi shekara 10 muna hulɗa ya kira ni da hantsi: "Alhaji, an gyara motar?" Wace mota? An rubuta masa da sunana ta WhatsApp ɗina wai ta lalace a kan iyaka, ya aika jika 200. Ina tsaye bakin magaza da kofin shayi, bakina ya mutu. Na biya shi daga aljihuna, amma wata biyu in na kira sai ya ce in faɗi sunan babban ɗansa tukuna. Ina zargin wani yaro da na sallama, ya san ina kashe waya da dare. Ban kama shi ba, Allah ya isa.

Yau ɗin nan ka canja lambar sirrin refondarka. Ban da 1234, ban da shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayarka. Buga *#61# da *#62# ka ga inda kiranka ke zuwa in ba ka ɗauka ba ko waya na kashe. Ka ga baƙuwar lamba, ##002# na soke duk karkatar da kira, sai dai refondar ma zai tsaya. Ni haka na bar nawa, mai nema na ya sake kira. Mai yiwuwa kuma akwatinka cika kawai ya yi, goge tsoffin ka gwada. A WhatsApp kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

In kuna da standar a buro, wato na'urar da ke raba kira tsakanin wayoyi, mai gyara ya toshe kiran ƙasashen waje ta cikin akwatin, don daren Juma'a zuwa Litinin ɓarayi ke ɓarna da layin, sai faktir ta zo ka sani. Af, yaran magaza nawa suka san kod ɗinka?