Girkin gaggawa: me zan saya a gwangwani, me zan yanka da hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce, sai yamma liƙis nake dawowa gida, ga yara suna jira. Na koma amfani da tumatir, wake da kifin gwangwani da kayan lambun firiza saboda sauri. Amma abincin yakan fito da wani ɗanɗanon gwangwani, kuma hankalina bai kwanta ba ko ina cutar da iyalina. Yaya zan haɗa su da ɗanyen kaya abincin ya yi daɗi, ya kuma gina jiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, ba ki cutar da kowa ba. Abin da nake hange a girkinki shi ne ba ki raba wa kayan aiki ba. Abin da ke cin lokaci a kan wuta, kamar wake da tumatir, shi za ki saya a dafe. Abin da ke ba da ƙamshi kuwa, albasa da tafarnuwa da citta da ganye da lemun tsami, wannan da hannunki za ki yanka, domin ƙamshi ba ya zama a gwangwani.

Dalili shi ne yadda ake sarrafa kayan. Tun 1810 da Nicolas Appert na Faransa ya wallafa dabarar rufe abinci a mazubi a dafa shi, asalin aikin bai canja ba: zafi ne ke kashe ƙwayoyin cuta, rufewar kuma ta hana wasu shiga. Wake da kifi da nama sukan sha zafin da ya kai digiri 121 a ma'aunin Salsiyas. Ke nan abin da kika buɗe ya riga ya dahu lugub, kuma zafin ya kore masa ƙamshi. In kika zuba shi a tukunya tun farko kika bar shi yana ta tafasa, dahuwa ta biyu kika yi masa, sai ya dagargaje ya zama lami. Saboda haka wake da kifin gwangwani a ƙarshe suke shiga, minti uku zuwa biyar, su ɗauki zafi kawai.

Tumatir ne ya fita daban, kuma ina kyautata zaton shi ne mai laifin ɗanɗanon da kike kuka da shi. Mai kaurin nan ba a zuba masa ruwa kai tsaye. Ki fara soya albasa a mai har ta yi laushi, ki jefa tafarnuwa da citta na kamar rabin minti (tafarnuwa saurin ƙonewa gare ta, in ta ƙone kuma ɗaci za ta ba ki), sannan ki sa tumatirin ki yi ta juyawa minti uku ko huɗu, har jansa ya yi duhu, mai ya fara fitowa gefe. A nan ne tsamin da warin ƙarfen ke mutuwa. Sai bayan haka ruwa ya shiga. In kina da ɗanyen tumatir ko da guda biyu ne, yanka su ki jefa daf da saukewa. Mai ci zai ji kamar miyar duka da ɗanye aka yi ta. Kuma kada ki raina na gwangwanin ta fuskar gina jiki. Sinadarin laikofin da ke ba tumatir launin ja ya fi shiga jiki idan an dafa tumatirin aka haɗa shi da mai.

Kayan lambun firiza ma haka. Akan ɗan turara su ne a daskarar jim kaɗan bayan an cire su daga gona, don haka sinadaransu ba su kasa na ɗanye ba, wani lokaci ma sun fi na wanda ya kwana biyar yana yaushi a firij. Kada ki jira su narke, ruwa za su saki su yi yauƙi. Daga firiza sai tukunya, wuta da ƙarfi, minti uku zuwa biyar.

Inda nake so ki buɗe ido sosai shi ne gishiri, domin nan ne haɗarin yake, ba a gwangwanin kansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, na yara kuma ƙasa da haka. To ki lissafa: ruwan wake da gishiri, kifi da gishiri, dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, ga kuma wanda hannu ya saba barbaɗawa ba tare da tunani ba. Kowanne shi kaɗai ba komai, amma in suka haɗu a tukunya ɗaya kullum, hawan jini suke kira. Ki zuba waken a kwando, ki tsiyaye ruwan, ki ɗauraye shi. Wannan kaɗai yana rage kusan kashi 40 cikin ɗari na gishirin, ya kuma tafi da yauƙin da ke sa wasu ƙyamar waken. Kada ki sa gishiri sai kin ɗanɗana a ƙarshe. In kuma kika ji abincin kamar da saura, kafin ki kai hannu ga gishiri, matsa lemun tsami kaɗan ki sake ɗanɗanawa. Sau da yawa tsami ne ya rasa. Taliyar yara mai saurin dahuwa kuwa, rabin garin ɗanɗanon cikinta ya isa, ki cike da ƙwai da karas da kabeji.

Ki riƙa juya gwangwani ki karanta kafin ki biya. Ana jera kayan haɗin ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka miyar kwalba da sukari ya zo na biyu ko na uku a jerinta, ajiye ta. In sodiyam aka rubuta, wato sinadarin da ke cikin gishiri, ninka adadin sau biyu da rabi, shi ne yawan gishirin. Ni dai miyar kwalba da aka gama haɗawa ba ta cika burge ni ba. Tumatir zalla ya fi ba ki ikon sarrafa tukunyarki.

Ga yadda yamma ɗaya za ta iya kasancewa. Da shigowarki, kafin ki ajiye jaka, ɗora ruwan taliya, domin tafasar ruwa ita ce ta fi komai jan lokaci. Yana kan wuta ki yanka albasa da tattasai, ki yi suyar da na bayyana. Taliya ta kusa dahuwa, ɗebi ludayi guda na ruwanta ki zuba a miyar. Sitacin da ke ciki zai ɗaure miyar ta kama taliyar. Kayan lambun firiza su shiga, bayan minti uku sardin ya bi baya. Kada ki cire ƙayarsa, ta yi laushi, kuma ita ce ke ɗauke da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Ki kashe wuta, ki watsa yankakken ganye da masoro, ki matsa lemun tsami. Ganye da lemu bayan an kashe wuta suke shiga, saboda zafi yana lalata bitamin C, yana kuma kore ƙamshin da don shi kika saye su. Minti ashirin da biyar ya ishe ki.

Sai maganar tsaro, a taƙaice amma ba wasa. Gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya lotsa a kan gaɓar murfinsa, ko ya feso ruwa da kika buɗe, zubar da shi, ko ɗanɗanawa kada ki yi. Gubar botulizim, wato muguwar gubar da kan samu a gurɓataccen abincin gwangwani, ba lallai ta nuna kanta a wari ko launi ba. Ragowar abin da kika buɗe, juye shi a mazubi mai murfi ki sa a firij, ki cinye cikin kwana uku zuwa huɗu.

In kina so ki ƙara rage wahala, ki dafa shinkafa da yawa a ranar hutu, amma da sharaɗi. Akwai ƙwayar cutar da ke iya tsira daga dahuwar shinkafa, kuma idan aka bar tukunyar a waje tana hucewa sannu a hankali, takan saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. Ki baza shinkafar a faranti mai faɗi ta huce da wuri, ki sa ta a firij cikin awa guda. Wadda ba za a ci washegari ba, ki kasa ta a ƙananan mazubai ta tafi firiza. Ranar da za ki fito da ita, ki ɗumama ta har tururi ya ratsa tsakiyarta, kuma sau ɗaya tak ake ɗumamawa.