Silin banɗaki ya jiƙe ya bubbuɗe: wa zai biya kuɗin gyara?

Wani mai karatu daga Unguwar Rimi ya rubuto cewa silin banɗakin gidan da yake haya ya kumbura, fenti yana ɓarewa, fumfuna ta yi baƙi a kusurwa. Ya ce ya kira mai gidan har ya gaji, don haka zai gyara da kansa ya cire kuɗin daga hayar bana, tunda "gyara duk na mai gida ne".

Malam, a sassauta tukuna. Ba lallai ne duk gyara ya hau kan mai gida ba. Abin da za a fara dubawa shi ne takardar yarjejeniyarku, wadda ban gani ba, sannan daga ina ruwan yake zuwa. In kwano ne ke yoyo, ko bututun banɗakin sama ya fashe, galibi wannan lalacewar gini ce, kuma hujjarka tana da ƙarfi. Amma in tururin ruwan zafi ne ke taruwa kullum, taga a rufe, mai gida zai ce amfaninka ne ya jawo. Yarjejeniyoyi da yawa kuma suna ɗora fentin ciki a kan ɗan haya.

Batun cire kuɗi daga haya kuwa, ban ba ka shawara ba. A mafi yawan lokuta kotu tana kallon biyan haya daban, gyara daban. In ka zabge kuɗin ba da yardarsa a rubuce ba, kai za ka koma wanda ake bi bashi, ka kuma ba shi ƙofar neman ka tashi. Ko a kotun shari'ar Musulunci, sanannen ra'ayin Malikiyya shi ne ba a tilasta mai gida ya yi gyara, sai dai ɗan haya yana iya samun zaɓin barin gidan in cutarwar ta yi yawa. Shirun da mutumin nan yake yi ba daidai ba ne, gidansa ne ke ruɓewa, amma shirunsa bai ba ka izini ba.

Ka ɗauki hotuna, ka kawo mai gyaran famfo ya gano tushen ruwan ya rubuta kiyasinsa, ka aika wa mai gida ko ejansa wasiƙa da wa'adin sati biyu, ka riƙe kwafi. Kada ka yi gaggawar shafa sabon fenti. A kan allo mai danshi ba ya kama, kuma ka goge shaidarka da hannunka. Sai an toshe yoyon, wurin ya bushe, a yanke allon da ya yi laushi a sa sabo, a kankare fumfuna, sannan fenti. In ruwa ya kusa kai wa wayar ƙwan lantarki, kashe wutar banɗakin yau.

Ni dai da za ka ji tawa, ku zauna gaban ejan ko mai unguwa. Ka nemi mai gida ya ɗauki gyaran yoyo da allo, kai ka ɗauki fenti, ko ya sa hannu cewa za a cire adadi kaza daga haya bisa rasit. Kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu suna iya zarce kuɗin silin ɗin gaba ɗaya. In ya ƙi zama, ka kai wa lauya yarjejeniyar da hotunan ya duba kafin ka taɓa kuɗin haya.