Teburin tsakiyar kicin a gidan Aboabo, a fara jin ta bakin Hajiya

Wani ƙanenmu da ke Bronks a Amurka ya turo min saƙo cikin dare, ya ce shekara 9 kenan yana can yana tuƙin tasi, yanzu Allah ya hore masa yana so ya gyara gidansu na Aboabo a nan Kumasi inda Hajiyarsa da maiɗakinsa suke, kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne teburin nan da ake ginawa a tsakiyar kicin wanda suke ce wa ailan, dutse a sama durowoyi a ƙasa. Kicin ɗin ƙafa 9 ne a 10, magini ya ce masa ba matsala a turo kuɗi kawai, ga kuma takardun tafiyar matar tasa suna kan hanya. Ya yi ko ya bari?

Toh ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da gida, wallahi na ji daɗin saƙon nan, don na san abin da ke zuciyarka, so kake Hajiya ta ga amfanin wahalar da kake sha cikin sanyin can. Amma a yadda kicin ɗinku yake yanzu ni dai ban ba ka shawarar ka yi ba, kuma bari in faɗa maka dalili.

Mu fara da awo tunda shi ba ya son kai. Kantar da ke jikin bango faɗinta wajen ƙafa 2 ne, shi teburin tsakiyar mafi ƙanƙanta da zai yi amfani ƙafa 2 ne a 4, sannan ana so a bar fili aƙalla ƙafa 3 da rabi ta kowane ɓangaren da ake aiki, in mutum biyu ne ke girki ma ƙafa 4 ake so. Haɗa ka gani, 2 da 3 da rabi da 2 da 3 da rabi ya ba ka ƙafa 11, wannan fa in bango ɗaya ne kawai ke da kanta, in biyu ne sai 13. Kai kuma 9 a 10 gare ka, ba a ma zo maganar firji ba da firizar da ake zuba naman layya, da ƙofar da za ta buɗe, da jarkokin ruwan da kowane gida ke ajiyewa saboda ranar da famfo zai ɗauke. Maginin da ya ce ba matsala zai gina maka kam, amma mai girki ce za ta riƙa bin gefe-gefe da tukunya mai zafi a hannu, yara na shiga tsakanin ƙafafunta.

Abin da ya fi damuna ma ba awon ba ne, wa zai yi girki a wurin? Ka rufe ido ka tuno Hajiya tana tuƙa tuwon zafi. A kan 'yar kujera take zaune, tukunya a kan murhun gawayi, ta maƙala ƙarafunan nan guda biyu a kunnuwan tukunyar ta take su da ƙafa don kar ta motsa, sannan ta kama muciya da hannu biyu tana jan tuwon zuwa jikin tukunya. Wannan aikin ba a yin sa a tsaye a kan tebur mai tsayin ƙafa 3, ƙarfin daga ƙugu da ƙafa yake fitowa. Haka sakwara, turmi da taɓarya a tsakar gida suke, in ka shigo da su kan tayil sai ya tsage. Ranar suna ko biki kuwa ka san manyan tukwanen waake da shinkafa a waje ake ɗora su, mata goma sun zagaye suna hira. Shi teburin tsakiya an yi shi ne don masu girki a tsaye, su yanka albasa a kai, yara su zauna gefe su karya kumallo, kuma yana da kyau a inda ya dace, ban raina shi ba. Amma dan Allah ka kira Hajiya da maiɗakinka ta bidiyo, kar ka ce musu ga abin da zan yi muku don kunya ba za ta bari su ce a'a ba, ka ce me ya fi ba ku wahala a kicin? Ina kyautata zaton za ka ji maganar hayaƙi, da ruwa, da ɓeraye, da rashin wurin ajiye buhun masara.

In ka ce a sa wurin wanke-wanke ko murhun gas a kan teburin, nan kuɗi ke zurarewa, sai an fasa daɓe an bi da bututun ruwa da na fitar da datti a ƙasa, in bai samu gangara mai kyau ba ya riƙa toshewa, kuma silindar gas ba a kulle ta cikin durowar da iska ba ta shiga. Wuta kuma ka nemi mai wayarin da ke da shaidar hukumar makamashi ta Ghana, doka ce. Kar kuma ka cika kwantena da kayan kicin masu aiki da wutar lantarki daga can, wutar Amurka 120 ce tamu 230, za su ƙone.

Ni kaina na taɓa yin kuskure lokacin da nake waje, na tura kuɗi aka yi wa mahaifiyata durowoyi da katakon nan na garin katako da ake matsewa, a hoto gwanin sha'awa, damina biyu kawai suka kumbura ƙofofin suka daina rufuwa, ranar da na dawo na sa yatsa a ƙasan ɗaya ya burma. Har yau ina jin zafin abin, don ita ba ta taɓa faɗa min ba, gudun kar raina ya ɓaci.

Sai maganar takardu, kar ka tsallake ta. Gidan nan sunan wa ke kan takardar filin? In na marigayi Baba ne kuma ba a raba gado ba, to duk bulon da ka ɗora a kan haƙƙin kowa ka ɗora shi, ka tara 'yan'uwanka maza da mata a gaban Hajiya da wani dattijo ko liman a rubuta cewa kai ka yi gyaran da kuɗinka da yardar kowa, a sa hannu. Na ga zumunci ya lalace a zangon nan saboda rashin wannan 'yar takardar. In kuma ka ce a rushe bango a faɗaɗa kicin, sai an nemi izini a Asambilin Asokore Mampong, wato ƙaramar hukumar da Aboabo ke ƙarƙashinta, kuma injiniya ya duba ko bangon na ɗauke da nauyin rufi. Ga tafiyar iyalinka na tafe, kuɗin gwajin likita, zirga-zirgar Akara zuwa ofishin jakadanci, tikitin jirgi, hayar gida mafi girma a can, kar ka ci bashi saboda dutsen kicin.

Abin da zan yi in ni ne kai, a buɗe babbar taga, a yi kanta a bango da dutse mai kyau, durowoyi na katakon odum da gara ba ta cika ci ba, a yi rumfa mai daɓen siminti a tsakar gida don tuwo da daka, a ƙara tankin ruwa. Sannan a je Sokoban wajen kafintoci ko Suwame Magazin wajen masu walda a yi tebur mai tayoyi, a turo shi tsakiya in ana so, a mayar jikin bango in an gama. Kafin nan ma ka sa a ɗauko teburin da ke falo a ajiye tsakiyar kicin ɗin sati 2 su yi girki a haka, su faɗa maka yadda suka ji. Kuɗin aiki kuma kashi-kashi za ka riƙa turawa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kowane mataki sai ka ga bidiyo da rasit.

Ka turo min hoton kicin ɗin daga bakin ƙofa da inda taga take in duba, kuma ka gaida min Hajiya sosai.