Ɗalibin da bai gama jami'a ba zai iya koya wa yaro kodin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ɗan shekara 9 ne, ya ƙwallafa rai a kan kwamfuta. Wasu ɗaliban jami'a masu karanta ilimin kwamfuta sun buɗe aji ta intanet suna koya wa yara kodin, wato rubuta manhaja. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne su ma karatun suke yi. Anya zan iya damƙa musu yaron?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Za ki iya, amma da idonki a kai.

Abin da ake koya wa ɗan shekara 9 bai fi ƙarfin ɗalibin jami'a ba. Galibi da Scratch ake farawa, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma kyauta ce. Yaro ba ya rubuta dogayen umarni, tubala masu launi yake jawowa ya jera. Ya ɗora wanda ke cewa "yi taku 10", ya saka shi cikin wanda ke cewa "maimaita", sai ga magen da ke kan allo tana tafiya. A nan yake gane jeranta umarni, da maimaitawa, da sharaɗi, abubuwan da zai sake tararwa idan ya kai ga Python, wani yaren kodin da ake rubuta umarninsa da kalmomi. Ɗalibin ma yana da wata fa'ida: bai daɗe da shan wahalar waɗannan abubuwa ba, bai manta inda ake tuntuɓe ba.

Inda nake jin tsoronsu shi ne rashin haƙuri. Sanin abu daban, iya koyar da shi daban. Yaro zai ce magensa ta ƙi juyawa, sai matashin malamin, saboda zumuɗi, ya ce "ciro wancan tubalin, saka wannan," cikin minti ɗaya komai ya gyaru. Yaro ya yi murna, amma bai ƙaru da komai ba. Malamin kirki tambaya yake yi: me kake so ta yi, me ta yi, a wane tubali kake jin abin ya karkace? Neman kuskure da kai shi ne rabin sana'ar nan.

Saboda haka ki nemi a bar ki ki zauna a darasi ɗaya kafin ki yanke shawara. Ba sai kin san kodin ba. Ki lura da hannun wa ke aiki, na yaron ko na malamin, kuma yara nawa ne a ajin. Idan sun yi yawan da malami ba zai leƙa allon kowa ba, kallo kawai ɗanki zai sha. Bayan 'yan makonni ki ce ya nuna miki wasan da ya haɗa, sannan ki ce ya ƙara wa magen gudu ko ya canza yadda ake cin maki. In ya iya, ya fahimta. In ya tsaya yana raba ido, kwafa ya yi.

Ki tambaye su kuma yadda za su yi lokacin jarrabawarsu, domin a nan irin waɗannan azuzuwa suke yawan tsayawa. Akwai mai maye gurbi? Akwai tsarin darasi a rubuce?

Batun tsaro kuwa ba na sassauci a kansa. Duk saƙo ya biyo ta wayarki, babu hira ta keɓe tsakanin malami da yaro, kuma a yi darasin a inda mutanen gida ke gilmawa. Idan zai buɗe asusu a shafin Scratch, kada ya sa sunansa na gaskiya ko na makarantarsa. Wanda ya nuna ba ya son ki san abin da ake yi a ajinsa, ki cire ɗanki a ranar.